Gidan Sarautar da Pati Ba Ta Taɓa Gani Ba

Shekarar da muka tare a Danau Kota ba ni da aikin da ya wuce kallon ruwan sama. Maigidana yana karatun digirinsa na uku, da safe zai rataya jakar kwamfuta ya nufi jami'a, 'yarmu kuma in kai ta makarantar rainon yara da ke ƙasan benenmu. In na dawo na share ɗakunan nan biyu na ɗora girki, shi ke nan, sai taga. A Kuala Lumpur ruwa ba ya jiran damina. Kusan kullum bayan azahar hadari zai taso daga wajen tsaunuka, ya riƙa haɗiye dogayen benaye ɗaya bayan ɗaya har a daina ganin komai sai fari fat. In ya ɗauke, kwalta ta yi ta tururi kamar an buɗe tukunyar dambu.

Ta wannan tagar na hango zogale. A barandar hawan da ke ƙarƙashin namu yake, an shuka shi a wani tsohon bokitin fenti, ya yi tsawo har kansa yana leƙo mu. Lokacin ina da ƙaramin ciki, bakina ba ya son komai, amma ina ganin ganyen nan yawu ya cika mini baki. Na yi kwanaki ina jan ƙafa. Ran da na kasa haƙuri na zura hijabi na sauka ta matattakala.

A bakin ƙofar an yi wani zane a ƙasa da garin shinkafa, ɗigo-ɗigo da layuka masu lanƙwasa kamar zanen lalle. Na raɓa don kada in taka. Wadda ta buɗe tsohuwa ce 'yar ƙarama, baƙa kamar mutanenmu, kanta fari tas, sanye da sari ruwan toka, wato zanen matan Indiya, da tabarau mai kauri. Na gaishe ta da Turanci, na nuna barandarta, na ce ko za ta sayar mini da ɗan ganye.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ku ma kuna cin sa?"

"Sosai ma. Mukan dafa mu kwaɗanta da ƙuli-ƙuli." Sai da na yi ta fama kafin na fahimtar da ita ko mene ne ƙuli-ƙuli.

"To ba na sayarwa ba ne," in ji ta. "Shigo. Kin ci abinci?"

Haka na san Pati. Ba sunanta ba ne, kaka ke nan da yarensu na Tamil, kuma duk benen haka ake kiranta, har masu gadi. Tsohuwar malamar firamare ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da ɗanta injiniya wanda rabin wata yake yi a bakin aiki a wani gari. A tsakiyar falonta akwai lilo na katako mai faɗi, an rataye shi da sarƙa a jikin rufi, mutum uku za su zauna a kai su wala. A wani lungu kuma gumakanta ne da fitilar mai da furanni. Ta lura idona yana kauce wa lungun. Daga ranar duk abin da za ta miƙo mini sai ta ce, "Wannan daga tukunya yake kai tsaye, ban kai shi can ba." In la'asar ta yi kuma ita ce mai tuna mini, ta buɗe mini ɗakin ɗanta in yi salla.

Wata rana da yamma na sauko da 'yata bayan an tashe su. Yarinyar ta samo wani kambi na roba a makaranta, ta ɗora a ka, ta haye lilon tana ba mu umarni da Turanci, wai ita sarauniya ce. Pati ta yi dariya har da share ido. Can sai ta ce, kamar mai maganar tsadar albasa, "Kakata ma sarauniya ce. Ni nake yanke mata farce."

Na ɗauka wasa take yi. Ba wasa ba ne, sai dai labarin bai fito a rana ɗaya ba. Ya ɗauke mu watanni, tana ba ni shi guntu-guntu, yawanci in ruwa ya tsare ni a wurinta, tana tura lilon da yatsan ƙafa, ni ina tsince mata shinkafa ko ina tsefe kan 'yata. Wani lokaci ta faro daga tsakiya, wani lokaci ta maimaita abin da ta riga ta faɗa amma launin tufafin ya canza. Ni ce na jera shi daga baya.

Can kudancin Indiya, in ji ta, a ƙasar Tamilawa, a da akwai manyan sarakuna a birane, a ƙarƙashinsu kuma ƙananan sarakuna birjik, kowa da ganuwarsa ta laka da mayaƙansa da ƙauyukansa. Kakanninta suna cikin ƙananan. Ƙasarsu busasshiya ce, jar ƙasa da giginya da tsamiya, saboda haka darajar sarki a tafkinsa take. Shi zai tara mutane a yashe tafki kafin ruwa ya sauka, shi zai raba ruwan ga masu noman shinkafa, ya tsare hanya daga 'yan fashi, ya ciyar da ɗakin bautar garin. In babban sarki ya yi kiran yaƙi ya tura masa mutane.

"Sai Turawan kamfani suka zo," ta ce. "Da farko sayen yadi suke yi. Kafin a farga su ne ke karɓar harajin da ake kai wa manyan sarakunan."

Wasu daga cikin ƙananan suka yi turjiya. Aka yi yaƙi, aka rushe ganuwoyinsu, aka rataye wasu, aka kai wasu can tsallaken teku. Nasu kakan bai yi yaƙi ba. Ya fita ya tarbi Baturen a bakin tafki da furanni da 'ya'yan itace.

"Aka karɓe masa takubba da bindigogi, aka sallami mayaƙansa. Aka bar masa laima da tambura da sunan sarauta. Aka ce ƙasar tasa ce har abada, muddin kowace shekara zai kai abin da aka yanka masa. Ko ruwa ya sauka ko bai sauka ba, abin ba ya canzawa. In ya gaza, a yi gwanjon ƙauye." Ta tsayar da lilon da ƙafa. "Kin gane, 'yata? Ya kwanta yana sarki, ya tashi yana mai karɓar haraji. Amma da yake laimar tana nan, bai lura ba. 'Ya'yansa ma ba su lura ba."

Suka ci gaba da zama irin na sarakuna. Kullum tukwane a wuta don duk wanda ya shigo, makaɗa da mawaƙa ba sa yankewa, bikin ɗiya ɗaya sai ya tashi da amfanin gonar shekara. Abin da za a kai wa Bature kuma a wuyan manoma ake matso shi. Tunda ƙasa ta zama abin da alƙali ke iya bai wa wannan ya hana wancan, 'yan'uwa suka koyi hanyar kotu. Wa da ƙane su yi shekaru suna shari'a, lauyoyi suna ƙiba. In fari ya zo ƙauye ɗaya ya tafi, baɗi wani ya bi shi.

Sashen da Pati ta fi so shi ne ranar da aka kawo kakarta gidan tana amarya. An ɗauko ta ne a wani ɗan ɗaki na katako mai labule wanda maza ke ɗauka a kafaɗa, tafiyar kwana da kwanaki, masu ɗaukan suna wani irin gunji don sawunsu ya daidaita. Da hantsi suka iso. Ta ɗaga labulen kaɗan, sai ta ga ruwa iyakar ganinta, furen bado ya rufe gefensa, giginyoyi a jere a kan madatsar, can ƙarshe kuma ga gidan, fari, hawa biyu, ɗawisu suna yawo a kan rufinsa. Akwai wata tsohuwar giwa mai ido ɗaya, ita aka kawo ta ɗora wa amarya hancinta a ka. A cikin gidan tsakar gida uku ce. Ta ƙarshe ta mata ce, a buɗe take ta sama, ruwa yana zubowa a kan wani faffaɗan dutse a tsakiya, mata suna zaune kewaye a inuwa suna jera furanni a zare, ƙamshin man kwakwa ya cika ko'ina.

"Ke kin gan shi, Pati?" na tambaye ta.

"Ni? A gonar roba aka haife ni, can wajen Ipoh. Ban taɓa taka Indiya ba."

Amma ta san ƙofar da ke ƙara in an tura, ta san ɗakin da ake ajiye hatsi da wanda ake ajiye tagulla, ta san tagar da ake hango hasken wata a kan ruwa. In tana faɗa idonta ba ya kaina, yana kan farin hazon da ke bayan gilashi.

Ni ma gidan ya shiga kaina. Ciki ya sa ni yawan barcin rana, ina rufe ido sai in gan ni a kan madatsar nan ina tafe ba takalmi. Sai dai mafarki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tafkin ya koma kududdufin bayan gidan kakana a ƙauyenmu, matan da ke jera fure su juyo su gaishe ni da Hausa, giwar ta tsaya a gindin rumbu tana cin dusa tare da tumaki. In farka in ji kiran salla daga masallacin unguwa da ƙugin babura a ƙasa, in ɗau lokaci ban tantance inda nake ba.

Kakana dagaci ne. Ina yarinya na sha jin ana cewa a zamanin Bature shi ke bi gida-gida ana tara haraji da jangali, in bai cika ba shi ake kira a ci wa fuska a gaban mutane, shi kuma ya dawo ya huce a kan talakawa. Ban taɓa haɗa wannan da wani abu ba sai da na ji Pati. Na faɗa wa maigidana wata rana muna cin soyayyar taliyar da ya yo mana tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, daga shagon abinci. Ya ɗago daga kan kwamfutarsa ya ce, "Ai kafin su zo mana sun daɗe suna yi a can. Mu sun same mu ne hannunsu ya riga ya faɗa." Ya koma rubutunsa, ni kuma na koma tunanin tsohon nan da na sani yana zaune a zaure da carbi, ba ya cutar ko ƙuda.

Mijin kakar Pati bai yi tsawon rai ba. Ya rasu ya bar ɗa namiji ɗaya ƙarami, shi ne mahaifin Pati. Turawa suka ce yaro ba zai iya riƙe ƙasa ba, su za su riƙe masa har ya girma. Suka naɗa manaja, suka ɗauke yaron zuwa makarantar kwana a Madras. Ranar da za a tafi da shi uwar ta bi keken shanun da ƙafa har bakin tafki, abin da matar gidan sarauta ba ta yi. Yakan dawo hutu da takalmi sau-ciki, yana cin abinci da cokali mai yatsu, zama a ƙasa ma ya fara yi masa wuya. Kafin ya kai shekarun karɓar sarauta ƙanen ubansa ya shigar da ƙara, wai shi ya fi cancanta. Shari'a ta yi tsawo, a ƙarshe ƙanen ya ci, amma abin da ya ci bai wuce gidan da 'yan gonaki ba. Saurayin ya tashi da Turanci mai kyau, ba ƙasa. Lokacin kuwa kowa maganar Malaya yake yi, wato Malaysia ta yanzu. Ya ce zai tafi, uwar ta ce ba za ta kwana a inuwa ɗaya da wanda ya kai ɗanta kotu ba. Suka shiga jirgin ruwa.

Jirgin cike yake da talakawan da aka ɗebo aikin gonakin roba, irin mutanen da a gida ba sa bin titin gidan sarauta da takalmi a ƙafa. Wanda ya ɗebo su wani mutum ne mai kwat da agogon aljihu, ya riga ya yi shekaru a Malaya ya samu rufin asiri. Yana zagayawa cikin mutanensa sai ya ga sarauniyar zaune a kan akwatinta, ya tsaya cak. Ubansa da kakansa duk a gonakin gidan suka ƙare rayuwarsu. A al'adarsu talaka in ya ga mai gida sai ya sauke mayafin kafaɗarsa ya ɗaura a ƙugu.

"Hannunsa ya kai kafaɗa da kansa," in ji Pati, tana kwatantawa da gefen sarinta. "Ya sauke mayafin har ya kai ƙugu. Sai ya tsaya. Ya dubi mutanensa suna kallonsa, ya dubi teku. A hankali ya mayar da shi kafaɗa. Sannan ya ce, 'Uwa, kun samu ruwan sha?'"

Shi ne ya sama wa mahaifin Pati aikin akawu a gonar roba. Sarauniya ta ƙare rayuwarta a gidan katako mai ɗaki biyu a bayan ofis, tana niƙa da wanki da kanta, da yamma ta zaunar da jikarta a tsakanin ƙafafunta tana shafa mata mai a ka tana ba ta labarin gida. Mutumin nan yakan zo gaisuwa duk shekara da ayaba da yadi. Ba ta taɓa bari ya wuce baranda ba, kofin da yake shan ruwa da shi ma daban ake ajiye shi.

"Shi ya rufa mana asiri," in ji Pati, "amma har ta mutu haka take yi masa. Shi kuma bai daina zuwa ba. Na tambayi babana dalili, ya ce shi ma bai sani ba."

Ruwa yana ta dukan gilashi.

Cikina ya tsufa lokacin da aka bugo waya daga Indiya. Dattawan garin ne suka nemo ɗan Pati ta hannun wani ɗan garin da ke aiki a Singapore. Bayan Turawa sun tafi gwamnati ta soke irin wannan mallakar ƙasa gaba ɗaya, amma abu ɗaya ya rage wa gidan. A bikin shekara na ɗakin bauta, kafin a ja babban keken katakon da ake zagaya gari da shi, sai an ɗaura wa magajin gidan ƙyallen alharini a ka. Na ƙarshe a zuriyar ƙanen nan ya rasu bai bar kowa ba. Suna neman wanda zai zo ya tsaya.

Ina wurin lokacin da suka yi musu, ita da ɗanta. Da Tamil suka fara, da abin ya yi zafi suka koma Turanci.

"Mama, mu 'yan Malaysia ne lah," in ji shi, da wannan lah da 'yan ƙasar ke ƙarawa a ƙarshen magana. "Ni injiniya ne, ba sarki ba. In je in tsaya a rana a ɗaura mini tsumma a ka, saboda ƙasar da kakanninmu suka matsi mutane a kanta?"

"Ban ce ka zama sarki ba. Cewa na yi ka kai ni."

"Gwiwoyinki fa? Kin san abin da likita ya ce."

"Gwiwoyin nawa ne."

Ya dube ni kamar mai neman agaji. Na sunkuyar da kai ina wasa da zoben hannuna. Kafin mako ya fita ya sayi tikiti.

Ni na raka ta Brickfields, unguwar Indiyawa, sayen sari. Muka hau bas zuwa Chow Kit, muka ratsa cunkoson masu kifi da masu kayan gwanjo, ni da tulun cikina ita da sandarta, muka kama jirgin ƙasan da ke bin gadar sama. A shago ta sa aka sauke mata rabin kaya, ta ƙare a kan wani kore mai bakin zinare. Da muka gaji muka zauna a shagon mamak, wato Tamilawa Musulmi masu sayar da abinci, ta nemo mana shayi da yarensu. Tana ta juya kofin ba ta kai baki ba.

"Tsoro nake ji," ta ce.

"Na jirgin sama, Pati?"

"A'a. Tun ina 'yar mitsitsiya nake zaune a gidan sarautar nan. Kakata ta ba ni shi da bakinta, ni kuma na yi ta gyara shi. In na je na ga na gaske, ina zan kai wannan?"

Na ce mata ta sha shayin kada ya huce.

Suna can na haihu, namiji. Matanmu Hausawa na Setapak da Wangsa Maju suka yi ta zuwa da kunu da farfesu, aka yi suna a ɗan falonmu, mutane har kan matattakala, yara suna ta guje-guje suna magana da Turanci da Malay. Cikin wannan hidimar duk in na gifta taga sai na leƙa barandar ƙasa, in ga ƙofar gilashin a rufe.

Ta dawo ta rame, ta ƙara baƙi. Ban bari ta huta ba, washegari na naɗe jaririn na sauka. Ta karɓe shi, ta shafa masa kai, ta ce wasu kalmomi da yarensu, ta zauna da shi a lilo.

"To, Pati?" na ce.

"Ƙarami ne." Na ɗauka jaririn take nufi. "Gidan nake faɗa miki. Ƙarami ne ƙwarai. Wannan benen namu zai haɗiye shi bai ji komai ba."

Ƙofar gaba tana nan da sassaƙarta, in ji ta, amma hawan sama ya rufta, jemagu sun cika ɗakunan. A tsakar gida ta farko gwamnati ta gina makarantar firamare. Ta iske yara suna haddar lissafi da ƙarfi, ta tsaya a taga tana saurare har malamar ta fito ta ba ta kujera. Inda giwa take kwana wani mutum ke gyaran babura. Tafkin rabinsa ya bushe ƙaya ta cinye shi, ɗaya rabin akwai ɗan ruwa, shanu a kwance a ciki. Giginyoyin ne kawai ta iske yadda aka faɗa mata. A tsakar gida ta mata wata darbejiya ta tsiro ta tsaga dutsen tsakiya. Ta ce a bar ta ita kaɗai, ta zauna a gindinta.

"Na zauna ina jira in ji wani abu a raina," ta ce. "Na daɗe. Sai na ji yunwa."

Ranar biki aka tsayar da ɗanta a gaban keken, ana busa ana kiɗa, malamin ɗakin bautar ya ɗaura masa ƙyallen. "Wannan mai cewa tsumma ne," ta nuna ƙofar ɗakinsa da haɓa, "sai ga hawaye shar-shar. Har yau bai yarda kuka ya yi ba, wai hayaƙin turare ne." Igiyar keken kuwa kowa ya kama, har jikokin waɗanda a da ba a bari su shigo titin. Shugabar garin yanzu mace ce daga cikinsu, mai babur da waya biyu. Ba ta rusuna ba. Ta haɗa tafukanta ta gaida Pati kamar yadda ake gaida kowace tsohuwa, ta ce abincin rana a gidanta ne. Pati ta je, ta zauna a tabarma, ta ci a ganyen ayaba har ta nemi ƙari.

A can ta tambayi labarin mutumin jirgin ruwa. Ba wanda ya san shi. Mutane da yawa sun tafi Malaya, aka ce mata, wanne daga ciki? Kakar tata ma ba wanda ya riƙe sunanta. Sai wata tsohuwa ta ce akwai waƙar da mata ke yi wajen dashen shinkafa, ta wata uwargida da ta haye teku da makullan rumbu ɗaure a bakin zanenta. Pati ta ce a rera mata, aka rera. Wata kuma ta ce ai ba a kan gidan nan aka yi waƙar ba, daga wani gari aka aro ta. Suka kama musu a tsakaninsu har aka manta da baƙuwa.

"Ita ce?" na tambaya.

"Kakata tana da makullai a bakin zani. Amma kowace mace ta lokacin tana da su." Ta gyara wa jaririn hula. "Na baro su suna musu."

Na tambaye ta gidan da ke cikin kanta fa, wanda take tsoron rasawa. Ta ce yana nan, sai dai yanzu in ta shiga tana jin muryar yara suna lissafi, kuma hakan bai dame ta ba.

Daga nan labarin sarauta ya ragu a bakinta. Ta koma ba ni labarin makarantar katako ta gonar roba inda ta fara koyarwa, da yaran masu tatsar roba da ke zuwa aji da barci a ido, da ranar da ta fara ganin Kuala Lumpur daga tagar jirgin ƙasa. Mun ƙara fiye da shekara a benen. Maigidana ya ƙare karatunsa, muka rabar da kayan ɗaki, muka ɗaure akwatuna. Ranar tafiya ta hawo har ƙofarmu da sandarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Ki ci abinci, 'yata. Kina wasa da cikinki." Ta juya ta sauka.

Bayan mun dawo Kano mukan yi waya ta bidiyo. Ba ta iya riƙe wayar daidai ba, rabin hirar da goshinta da rufin ɗaki nake yi. Bara ɗanta ya kira ni da kansa, ina jin muryarsa na gane. Ta rasu a barcin rana, ba jinya. Da yake su ƙona gawa suke yi, na tambaye shi ko Indiya za su kai tokar. Ya ce a'a, ta daɗe da faɗa masa a zuba a tekun nan nasu, wajen Klang, a ƙasar nan aka haife ta, a nan ta koyar da yaran mutane. Na yi masa ta'aziyya yadda na iya. Kafin ya ajiye na tambaye shi aiki, ya ce ya nemi hutu, wata mai zuwa zai tafi garin, bikin ya zagayo.

"Zafi ne a can kamar me, ga hanya ba kyau," in ji shi. "Amma suna jira. Boleh lah, zan iya."